An ce in wakilci marasa lafiya a kwamitin asibitinmu, in karɓa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina da ciwon suga da hawan jini, kuma shekara da shekaru a ƙaramin asibiti ɗaya nake zuwa awo da karɓar magani. Yanzu shugaban asibitin ya ce za su kafa kwamitin da zai riƙa duba yadda ake kula da masu ciwon da ake rayuwa da shi, irin namu da asma da farfaɗiya. Suna son mutum biyu daga cikin marasa lafiya, ya kuma ambaci sunana. Ni ba likita ba ce, ban san aikin jinya ba. Tsorona kada a zaunar da ni 'yar amshin shata, a gama yanke hukunci a ce har da marasa lafiya aka yi. Sannan idan na faɗi laifin ma'aikata, gobe in zo awo a ɗaure mini fuska fa? Matsalolin dai na san su: dogon layi, kowane zuwa sabon likita da za ka sake ba shi labari daga farko, magani ya yanke ba sanarwa. In karɓa? In na karɓa me zan nema?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki ce e ko a'a, ki koma ki tambaye shi: kwamitin nan shawara kawai yake bayarwa, ko akwai abin da ba a yi sai ya yarda? Ku biyun kuna da ƙuri'a kamar kowa? Ana rubuta abin da aka tsayar, a karanta shi a zama na gaba? Tun 1969 wata Ba'amurkiya, Sherry Arnstein, ta kasa shigar da jama'a cikin harkokin hukuma zuwa matakai takwas. Sanar da mutane, jin ra'ayinsu da lallashinsu duk ta sa su a tsakiya, ta ce shigarwa ce ta jeka-na-yi-ka. Sai an kai matakin da ake raba iko sannan maganarki take da nauyi. Amsar da zai ba ki ita za ta nuna miki matakin da ya ajiye ki.

Abu Fahad: Ni dai na ce ki lallaɓa lafiyarki. Irin waɗannan kwamitoci hoto ake ɗauka a watse.

Sister Rabi: Abu Fahad, akwai irin waɗannan, amma kujerar da aka bari wani ne zai hau, wataƙila ma wanda bai taɓa bin layin ba. Maman Ilham, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in faɗa miki abin da muke rasawa. Mai ciwon suga muna ganinsa 'yan mintuna a wata ɗaya ko uku, sauran kwanakin shi ke jinyar kansa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya nuna ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu doguwar jinya ne kaɗai ke shan magani yadda aka ce, a ƙasashe matalauta kuwa abin ya fi haka muni. Dalilan ba sa zuwa kunnenmu, don mutum yana jin nauyin gaya wa likita cewa ya daina ƙwaya saboda jiri, ko ranar awo ta ci karo da aikinsa. Ke za su gaya wa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Kuma kada ki shiga kamar alfarma aka yi miki. Sanarwar Alma-Ata ta 1978, wadda wani taron ƙasashen duniya kan kiwon lafiya ya fitar, ta ce haƙƙin jama'a ne, kuma nauyi ne a kansu, su sa hannu wajen tsara kiwon lafiyarsu da gudanar da shi. Abin da za ki nema a kowane zama alƙaluma ne: mutum nawa ke cikin rajista, nawa suka daina zuwa, nawa hawan jininsu ya sauka ƙasa da 140/90, kwana nawa aka yi babu magani kaza. Adadi kawai, ban da sunaye. Fayil ɗin wani ba huruminki ba ne, in an kawo shi teburin ma ki ce a ɗauke.

Baba Audu: 'Yata, abin da nake jiye miki daban ne. Kada ki je ki wakilci ciwonki ke kaɗai. A Ingila tun 2015 aka wajabta wa kowane asibitin likitan iyali ya kasance yana da ƙungiyar marasa lafiya, amma har yau ana kukan yawanci masu lokaci da ilimi ne ke cika su. Tsohon da ba ya iya karatu, mai lura da mahaifin da jikinsa ya shanye, wanda ya gaji ya daina zuwa, su wa zai yi magana da yawunsu? Ranar awo ki zagaya ki ji ta bakin mutane. Ki kuma nemi a sa wa'adi, shekara biyu misali, a canza wakilai.

Malam Habibu: Batun ɗaure fuska kuwa, ki riƙa magana kan tsari, ba kan wane ko wance ba. "Ana daɗewa a wurin karɓar kati" ta fi "wance ba ta da kirki". Ƙorafi kan mutum ɗaya yana da tasa hanyar daban. Kuma ku daidaita bakinku da ɗan'uwan wakilcinki kafin ku shiga.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira shugaban asibitin. Ya ce shawara ce kawai a yanzu, amma ya yarda a riƙa rubuta komai, kuma duk shawarar da aka ƙi za a faɗi dalili. Hakan ya isa in fara?

Sister Rabi: Ya isa, in dai an sa shi a rubuce. Ki fara da abu ɗaya da ba ya cin kuɗi: a riƙa sanar da ku mako biyu kafin magani ya ƙare a ma'aji. Bayan zama uku ki duba ko an yi.