Musayar waƙa: albashi da kuɗin haya a Kaduna, wa zai ka da wani?

Ɗan Kakuri:
Salamu alaikum. Jiya mai gida ya aiko yaronsa da takardar ƙarin haya. Barci ya ƙi zuwa, sai baitoci. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "ya". Wanda ya isa ya karɓa.

Dubu saba'in da biyu ne albashina,
Ban kai gida ba sun zube a kan hanya.

Ciki da falo nake nema a Kinkinau,
Dillali ya ce kuɗin shekara da la'ada da na lauya.

Ubana ya yi saƙa a masaƙar Kakuri,
Ya gina ɗaki huɗu har da rijiya.

Ni ɗansa ga takardu cike da jaka,
Ƙofar langa-langa ma na kasa saya.

Hajiyar Barnawa:
Ɗan nan, ka taɓo masu gida, to ga uwarka ta fito.

Ɗan Kakuri bar kuka ka share ido,
Tambayo kuɗin siminti ka san gaskiya.

Fanshon mijina na zuba a kan bulo,
Ni ban gina don in raba wa duniya.

Wayar hannunka ta kai kuɗin ɗaki,
Kana latse-latse kana bin bashin miya.

Uwar Biyu:
Kai! Hajiya ta gama da shi. A kawo ruwa a yayyafa wa yaro.

Ɗan Kakuri:
Uwar Biyu, kina haya a gidanta ne? Hajiya, a gafarce ni, ke kika ja.

Hajiya gidajenku in Agusta ta kama,
Da kwano muke kwana, rufi ya zam rariya.

Shekara goma ba a buga ƙusa ba,
Siminti na hawa, kina hawa da haya.

Malam Ma'auni:
Kafin a yi nisa. Ɗan Kakuri, duba baitinka na biyu. Ɗangon farko gaɓa 13, na biyu gaɓa 18. Wannan ba waƙa ba ce, takardar koke ce. Kuma "zam" da ka cusa a baya-bayan nan, don ka tsere wa karaya ne, mun gani.

Ɗan Kakuri:
Malam, ba ni na tsawaita ɗangon ba, dillali ne. Je ka ce ya cire la'ada da kuɗin lauya, gaɓa za ta dawo daidai.

Mai Gadin Malali:
Ku dakata da faɗan gaɓa. Wannan mafi ƙarancin albashi na naira 72,000 da Gwamna Uba Sani na Kaduna ya amince da shi a 2024 na ma'aikatan gwamnati ne. Mu da ke aiki a gidajen mutane da shaguna fa? Dokar ma ta ɗauke wa duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ban iya waƙa ba, amma ga tawa.

Ku masu saba'in da biyu ku gode Allah,
Talatin nake karɓa, wani watan ba biya.

Ina gadin gida mai ɗaki goma,
Karen gidan ya fi ni wurin kwanciya.

Iyali na Rigasa, ni ina bakin get,
Sai Juma'a nake ganin 'yata Mariya.

Uwar Biyu:
Wallahi baitin karen nan ya fi duk abin da aka rubuta yau. Na janye daga ɓangaren Hajiya.

Malam Ma'auni:
Ma'ana ta yi. Amma "get" ba Hausa ba ce, ƙofa ake cewa.

Mai Gadin Malali:
Malam, shekara tara ina buɗe shi ina rufewa. Ƙofa tana gidanku, wannan get ne.

Malam Ma'auni:
Ai shi ya sa waƙa ta lalace. Kowa ya ga "ya" a ƙarshen kalma sai ya ce ya zama sha'iri.

Hajiyar Barnawa:
To Malam, tun safe kana awo kamar mai sayar da atamfa a Kasuwar Barci. Kawo naka baiti ɗaya mu gani.

Kwamared Tsohon Masaƙa:
Ku yi haƙuri, kwana uku ba caji, yau na ga zancen. Ɗan Kakuri, wataƙila na san babanka. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta tsaya a 2002, daga nan Kakuri ba ta sake zama daidai ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma mun ga 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. Lamba na girma, mudu na tsere mata.

Da jiniya ke tashinmu da asuba,
Leburan masaƙa na da fili da kariya.

Yau ana yankar biyu da rabi cikin ɗari,
Asusun gida, ga shi gidan sai a mafarki.

Na san na saki amsa-amo, Malam, kada ka wahalar da kanka.

Malam Ma'auni:
Ka sake shi kam.

Ɗan Kakuri:
Baba Kwamared, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai na samu ɗaki ɗaya a Rigachikun, abin da na rage a haya mota za ta cinye. Wa ya san mai a-kori-kura mai sauƙi ranar Asabar?

Hajiyar Barnawa:
Akwai ɗan ƙanwata. Amma shi ma ya ƙara kuɗi, fetur ne. Malam, har yanzu muna jiran baitin.