Musayar waƙa: kuɗin kowa-da-kowa a idon 'yan mazan jiya masu sassauci

Mai_Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau tsarin nan nake so mu taɓa, wanda gwamnati za ta riƙa ba kowane baligi kuɗi duk wata, mai aiki da marar aiki, ba wani sharaɗi, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake cewa wai masu ra'ayin mazan jiya a Amurka da Turai duk sun ƙi shi, alhali masu sassaucin cikinsu maganarsu daban take wallahi. Ga nawa:

Ku daina yi musu kuɗin goro,
Mai sassauci ba ya gudun taro,
Tambaya yake kafin ya ji tsoro,
Kuɗin nan haraji ne ko aro?

Friedman masanin tattalin arziki a 1962 ya ba da shawara,
Wanda samunsa ya gaza a cika masa saura,
A rage ofisoshin da ke jawo asara,
Kuma nasu ne shi, gunsa suka koyi dabara.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumussalam Malam. Na ji, amma bari in ɗora.

A 1969 Shugaba Nixon na Amurka ya kawo tsari,
Majalisar wakilai ta amince da ƙuduri,
Dattawa suka sa shi a kabari,
Wasu sun ce kaɗan ne, wasu sun ce haɗari.

Mai sassauci abin da ke ransa,
Mutum ya ci guminsa ya riƙe gidansa,
In ka ba cima-zaune daga aljihunsa,
Ranar zaɓe sai ya janye hannunsa.

Kuma binciken jin ra'ayin jama'a na cibiyar Pew a 2020 ya nuna kashi 78 cikin ɗari na 'yan Republican, jam'iyyar 'yan mazan jiya ta Amurka, da masu karkata gare su ba sa son a ba kowa dala 1,000 a wata, to ka ga ƙiyayyar ba ƙarama ba ce Malam.

Autan_Zaure:
Hajiya ki yi haƙuri in sa baki,
Alaska jiha ce ta masu son aiki,
Tun 1982 ake raba musu caki,
Daga ribar mai, ba wanda ya yi raki.

Jay Hammond gwamnan da ya kawo shi,
Ɗan Republican ne, ku bincika shi,
Dala 1,000 ce farkon rabon shi,
Har yau ba gwamnan da ya iya kashe shi.

Baba_Mai_Lissafi:
Ɗana ka kawo hujja mai kyau, Allah ya yi albarka, sai dai akwai bambanci kuma nan ne zuciyar maganar take.

Na Alaska kamar rabon gado ne,
Sau ɗaya a shekara, kuma na mai ne,
Na Andrew Yang da ya nemi takarar shugaban Amurka kuwa duk wata ne,
Mai biyan haraji ya ce daga ina ne?

Ku buga da kanku, baligai sama da miliyan 250 a Amurka, kowa dala 12,000 a shekara, abin ya haura dala tiriliyan 3, kuma mutumin da bai yarda gwamnati ta riƙa cin bashi ba dole wannan adadi ya hana shi barci. In ka kira kuɗin haƙƙinsa daga dukiyar ƙasa zai karɓa hannu biyu, in ka kira shi sadaka daga harajin maƙwabci sai ya ɓata rai.

Autan_Zaure:
Baba na karɓa, amma tsoron zaman kashe wandon fa an gwada shi.

A Finlan gwamnatin 'yan dama ce ta gwada,
Marasa aiki 2,000 ta zaɓa ta haɗa,
Yuro 560 duk wata ba faɗa,
Neman aiki bai ragu ba, hankali ya kwanta a gida.

Shekara biyu aka yi, 2017 da 2018.

Uwar_Biyu:
Auta ka manta Suwizalan a 2016,

An kai maganar gaban jama'a,
Kusan kashi 77 suka ce a'a,
Ba rowa ba ce, ba rashin ɗa'a,
Sun ce mutuncin mutum na cikin sana'a.

Mai_Alƙalami:
Hajiya wannan baiti ya taɓa ni. Ni dai inda na ga ƙullin yake, mai sassauci cewa yake in za a ba da kuɗin to ya maye gurbin tsoffin tallafi, kar a ɗora kaya kan kaya. Marubucin Amurka Charles Murray ma a 2006 haka ya ce, dala 10,000 a shekara ga duk wanda ya kai 21 amma a rushe sauran, har da fanshon tsofaffi da inshorar lafiyarsu, to da an iso nan sai ka ga jiki ya yi sanyi.

Ya ce a musanya, na ce to na ji,
Fanshon mahaifiyarka ma a sa a ma'aji?
Ya yi shiru, ya dubi takardar haraji,
Ya ce wannan kam a bar mata, kar ta ji.

Shi ya sa na ga shawarar Mitt Romney, sanatan Republican a lokacin, ta 2021 ta fi kusa da zuciyarsu, dala 350 a wata ga yaro ƙasa da shekara 6 da 250 ga na sama, don wannan iyali ake ba. Baba, ko lissafinka zai ɗauki wannan?

Baba_Mai_Lissafi:
Malam wannan zan iya ɗauka,
Yaro ba ya aiki, ba a ce ya yi sharɓa ba,
Sai dai ka nuna min abin da za a yanka,
Kafin in ɗaga hannu in mara maka.