Zauren makanikan jirgin sama: kwarzane kusa da ƙofar kaya, a rufe shi da faci?

Nura: Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Motar ɗora kaya ta goge jikin wani jirgin Boeing 737 da ke hangarmu, kamar taƙi ɗaya ƙasa da ƙofar kaya ta baya. Bai lotsa sosai ba, amma akwai kwarzane mai tsawon yatsa, kuma farce yana maƙalewa a ciki. Wani a cikinmu ya ce a ɗora faci a buga ribit (ƙusar da ke haɗa farantan ƙarfe) kawai, tunda jirgin yana da sawun asuba. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Kafin komai, kwarzanen ya bi tsawon jirgin ne, daga hanci zuwa wutsiya, ko ya kewaya jikin?

Nura: Tsawon jirgin ya bi, Oga.

Injiniya Bala: To wannan shi ne mai wuyar. Idan jirgi ya yi sama, iskar da aka cusa a cikinsa tana tura fatar waje da ƙarfin kusan fam 8 a kan kowane inci murabba'i. Jan da fatar ke sha ta kewaye ya ninka na tsawo sau biyu. Ka ga kwarzanen da ya kwanta bisa tsawo, wannan babban jan ne yake ƙoƙarin buɗe bakinsa a kowane tashi, ya sake shi a kowace sauka. Ka ajiye maganar farce. Nemo ma'aunin zurfi, ka auna zurfi da tsawo da nisansa daga layin ribit mafi kusa da kuma bakin ƙofa, sannan ka buɗe SRM, wato littafin gyaran gangar jiki na kamfanin da ya ƙera jirgin, na wannan samfurin a babin ɓarnar da aka lamunta.

Rabi'atu: Ƙari a kan na Injiniya. Nura, fatar jirgin, wadda aka yi da gaurayen alminiyam mai suna 2024-T3, tana da siririn lulluɓin tsantsar alminiyam a samanta don hana ta ci. Ka tabbatar ko kwarzanen ya tsaya a lulluɓin ko ya ratsa zuwa ainihin ƙarfen, don hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Bayan an kankare an lallashe wurin kamar yadda littafin ya faɗa, ku kira mu da na'urar edi-karan, mai gano ɓoyayyar tsaga a ƙarfe da lantarki. Gwajin rini ba na amince masa a wurin da aka goge, don gugar tana iya shafe bakin tsagar ta toshe shi, rinin ya kasa shiga, ka ɗauka lafiya lau.

Sadiku: Ni fa a ganina faci ba laifi ba ne. A sa mai kauri sosai, ko ninki biyu na fatar, ai ƙarfi ya ƙaru.

Malam Garba: Sadiku ɗana, tsaya. Ka taɓa ganin an ɗinka facin yadi mai kauri a kan riga mai laushi? Facin ba ya yagewa, rigar ce ke yagewa a bakin ɗinki. Nauyi a jikin jirgi yana bin inda ya fi tauri. Idan facinka ya fi fatar tauri fiye da kima, sai ya jawo nauyin maƙwabta zuwa kansa, ya sauke shi gaba ɗaya a kan layin ribit na farko, can gefe. A nan tsaga ke farawa, a fatar asali, kuma sau da yawa a ƙarƙashin leɓen facin inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa za ka ga manyan gyare-gyare an yi su hawa-hawa, siriri a gefe, mai kauri a tsakiya. Kaurin faci ba a zaɓarsa da ido, littafi ne ke faɗa.

Sadiku: Allah ya ƙara girma, Baba. Amma shi kwarzanen, idan faci ya rufe shi, ba ya huta ba kenan?

Malam Garba: Ina fa. Je ka karanta abin da ya faru da jirgin China Airlines mai lamba 611. A 1980 wutsiyar wannan 747 ta goge titin sauka a Hon Kon. Aka ɗora faci a kan kwarzanen ba tare da an cire fatar da ta lalace ba, kuma facin bai wuce iyakar ɓarnar yadda ya kamata ba. Jirgin ya ci gaba da aiki shekara 22, tsaga tana tafiya a ɓoye. Ranar 25 ga Mayu, 2002 ya tarwatse a sama kan hanyarsa daga Taiwan, mutum 225 babu wanda ya tsira. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hotunan da aka ɗauka watanni kafin haɗarin: akwai tabo ruwan ƙasa a gefen facin, na hayaƙin taba tun zamanin da ake sha a cikin jirgi, wanda iska ta riƙa fitarwa ta tsagar. Ga alama a fili, an gan ta, an ɗauka datti ne.

Injiniya Bala: Na Japan Airlines 123 ma ɗan'uwansa ne. Gyaran bangon da ke riƙe iska a baya, bayan wutsiya ta bugi ƙasa a 1978. An raba farantin haɗi gida biyu, sai layin ribit ɗaya ya ɗauki abin da aka tsara wa layi biyu. A 1985 bangon ya fashe, jirgin ya faɗi, mutum 520 suka rasu.

Hafsat: Yayye, ni ɗaliba ce a kwalejin jiragen sama ta Zariya. Mu a aji an koya mana tazarar ribit daga baki kada ta gaza ninki biyu na kaurin ribit ɗin, tsakanin ribit da ribit kuma kada ta gaza ninki uku, daga AC 43.13-1B, takardar jagorar gyara ta hukumar jiragen sama ta Amurka. Ba za a iya tsara facin da wannan ba?

Rabi'atu: Ƙanwata, lissafinki daidai ne, amma duba shafin farko na takardar. Ta ce don sassan da ba a cusa wa iska ne, kuma sai inda kamfanin da ya ƙera jirgin bai bayar da nasa umarnin ba. Ƙaramin jirgin koyo, to, tana da amfani. Gangar jikin 737, a'a. Ki riƙe ta don hannu ya faɗa, tana da kyau wajen bugun ribit da gane cin ƙarfe.

Hafsat: Na gode Anti. Me zan fara karantawa don in fahimci dalilin dokokin, ba haddarsu kawai ba?

Injiniya Bala: Fara da abu ɗaya: rami zagayayye a faranti yana ninka jan da ke bakinsa sau uku, kusurwa mai kaifi kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Idan wannan ya zauna miki, nemi labarin jiragen Comet na 1954 da yadda aka nutsar da gangar guda a tankin ruwa a Ingila, ana cika ta ana sassautawa har ta tsage daga kusurwar wata taga. Sai rahoton haɗarin jirgin kamfanin Aloha na 1988, inda rufin 737 ya yaye a Hawai bayan tashi da sauka kusan 90,000, ƙananan tsagogi a ramukan ribit suka haɗe suka zama ɗaya. Rahotannin bincike suna nan kyauta a intanet, kuma hotunan cikinsu sun fi dogon bayani.

Malam Garba: Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa yara ba. Yawancin kwarzanen da na gani ba mota ce ta yi su ba, mu ne. Mutum ya ɗauki reza ko wuƙa yana kankare danƙo a mahaɗar fata, ya bar siririn layi kamar gashi, fenti ya rufe. Ku sayi makankara ta roba ku sa a aljihu.

Nura: Na auna, manya. Ya ratsa lulluɓin, kuma yana cikin yankin da SRM ya ware na kewayen ƙofa, inda bai bayar da gyaran gama-gari ba. Na nuna wa injiniyan da ke sa hannu kafin jirgi ya tashi, ya ce jirgin ba zai tashi ba, a tura wa kamfanin da ya ƙera shi.

Injiniya Bala: Madalla. Tura musu hoto da rula a gefe, lambar da ke nuna wurin a tsawon jikin jirgin da ta sandar ƙarfafa fata da ke kusa, kaurin fatar bayan an kankare, da yawan sawun jirgin. Idan ka bar ɗaya za su dawo maka da tambaya, kwana ya ƙaru. Ka duba taswirar tsofaffin gyare-gyare kuma, ko akwai wani faci kusa da wurin, don za su tambaya.

Rabi'atu: Kada a shafa faramar fenti kafin in zo. Ina aikin dare, ƙarfe goma zan shigo da na'urar. A tanadar mini tsani da fitila mai kyau.