Shawarwarin masu zama a Ɗa'ifa

Waɗanda suka tattauna kan zaman Ɗa'ifa, birni a ƙasar Saudiyya, sun yi ittifaƙi cewa mai iyali ya kama haya a cikin gari, kusa da kasuwa da makarantu, domin gidajen Shafa da Hada, yankunan tsaunuka da ke wajen garin, na 'yan hutu ne, kuɗinsu kan yi tashin gwauron zabi idan zafin Makka da Jidda ya koro mutane. Garin yana bisa tudu sama da mita 1,800, saboda haka a tanadi bargo.

Hanyar Hada, mai gangarawa zuwa Makka, aka fi jan kunne a kai: kwana-kwana ce, ga hazo yakan rufe ta. Birai kuma na tsaye a bakin titi, kada yaro ya miƙa musu abinci da hannu. Gonakin wardi, a je musu a watan Afrilu, da sassafe lokacin tsinka.