Gwajin tayirod: wane suna za mu ba shi?

Jama'a, an saba cewa "gwajin maƙoƙo". Ban yarda da wannan suna ba. Maƙoƙo kumburi ne da ido ke gani, yawanci saboda ƙarancin aidin a abinci, shi ya sa ake zuba aidin a gishiri. Amma mutane da yawa wuyansu lafiya lau, tayirod ɗinsu kuwa, wato halittar nan ta cikin wuya mai fitar da sinadaran da ke daidaita aikin jiki, ba ta aiki daidai. Ka ce wa irin wannan ya je gwajin maƙoƙo, zai shafa wuya ya ce ba da shi kake ba.

Wasu sun ce a kira ita tayirod ɗin "kaluluwar wuya". A'a, kaluluwa ta ciwo ce, ta fito ta koma. Wannan kuwa da ita aka haifi kowa, tana gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya.

Wasu sun bi asali: Thomas Wharton ne ya raɗa mata suna a 1656, daga kalmar Girkanci mai nufin garkuwa. To amma "garkuwar jiki" ta riga ta tafi wani wurin, sai mu rikita mutane. Ni dai a bar ta "tayirod", yadda muka karɓi "asibiti".

Inda Hausa za ta yi mana aiki shi ne TSH, sinadarin da ake aunawa a jini a wannan gwaji, don a nan ake ruɗewa. Ba tayirod ke yin sa ba, wani ɗan ƙullutu ne a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aiko shi ya zaburar da ita ta fitar da nata sinadaran, T4 da T3. Na ce mu kira shi "bulalar tayirod". Jakin da ya yi nawa shi ke shan bulala. Saboda haka TSH ya hau, T4 ya sauka: kasalar tayirod ke nan, ga gajiya, jin sanyi, ƙiba, bushewar fata. TSH ya faɗi, T4 ya hau: zaƙewar tayirod, ga bugun zuciya, gumi, rawar hannu, rama alhali ana cin abinci.

Yawancin ɗakunan gwaji kan ɗauki TSH 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai, amma bi wanda ke jikin takardarka, kuma ma'aunin mai juna biyu daban ne. Mai shan bitamin ɗin nan biotin don gashi ya gaya wa likita kafin a ɗebi jini, yana gurɓata sakamako.

Saura sunan ɗan ƙullutun nan mai riƙe da bulalar. Malaman asibiti, bismillah.