Abin da na tsinta a hirarmu kan Panadol da 'yan uwansa

Jiya bayan isha'i aka yi ta musu a majalisa kan maganin ciwon jiki da zazzaɓi, Allah ya sa akwai wani nas a cikinmu, shi ya warware mana.

Ya ce farasitamol shi ne Panadol, babba ya sha ƙwaya 2 ta 500mg, ya bari awa 4 zuwa 6 kafin ya ƙara, kar ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana don in ya yi yawa hanta yake ci a hankali ba tare da ka ji komai ba. Inda na tsorata wallahi shi ne su Procold da Mixagrip ma akwai farasitamol a ciki, mu kuwa haɗawa muke mu kora da shayi in mura ta kama mu.

Ibuprofen da diclofenac sai an ci abinci, mai olsa ko ciwon ƙoda ko mai ciki ya nisance su. Asfirin kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba. Sirop na yara da nauyin yaro ake aunawa, da ɗan kofin cikin kwalin, ba cokalin tuwo ba.

An fi daɗewa kan "haɗi" na kemis, ƙwayoyi kala-kala a leda ba suna, wani har da tiramol. Don Allah 'yan uwa a daina karɓa. Zazzaɓi kuwa in ya zo a fara gwajin maleriya, farasitamol zafin kawai yake saukarwa, yaro in ya fara jijjiga ko ya ƙi nono asibiti kai tsaye.