Shara ta ishe mu a Mabera, wai ya kuke yi da taku?

Uwargida_Mabera:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Yaron da ke kwashe muna shara da baro sati biyu kenan bai leƙo ba, buhu uku na nan jingine a zaure ƙuda sun hana mu sakat ga wari, ga damina ta matso. Maƙwabciyata ta ce in bari sai an fara ruwan dare in sa yara su juye a kwata, ni kam raina bai kwanta ba don bara kwatar nan ce ta cushe ruwa ya shigo muna har ɗaki sai da munka ɗora katifu bisa benci. Maigida ya ce a ƙona, na ƙona sau ɗaya autana ya kwana yana tari. Wai mu ba mu da tsarin ware shara irin wanda nike gani a Facebook ana yi a Turai ne?

Baƙon_Ingila:
Wa alaikumus salam Hajiya. Nan inda nike karatu ƙaramar hukuma ce ke ba kowane gida mazubi kala-kala, na kwali da takarda da gwangwani daban, na ragowar abinci wani ɗan ƙarami mai murfi daban, sai na sauran tarkace. Kalar ma ba ɗaya ba ce, kowace hukuma da tata. Akwai ranar da mota ke zuwa, da dare za ki turo shi bakin hanya, in kin cakuɗa kuma sai su manna miki takarda su wuce su bar miki abinki. Farkon zuwana na sha wannan kunyar wallahi. Amma fa ba kyauta ba ne, harajin gida ake biya ana yin aikin da shi. A Jamus kuma gorar ruwa in ka mayar kanti sai a ba ka santi 25 na kuɗin Yuro da ka ajiye lokacin saye, shi ya sa da wuya ka ga gora yashe a titi.

Ɗan_Kwalkwalawa:
Ɗalibi ka yi bayani, amma bari in gaya maka mu ma muna da namu tun kahin a haife mu. Ina yaro da rani jakkai ka shiga gari da mangala su kwaso bola a kai gona, toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi, ba abin da ƙasa ba ta ci. Har roƙo akai a ba ka bola. Abin da ya ɓata lamarin leda ce, musamman ta fiya wata da baƙar nan ta cefane. Yanzu in ka kai takin bola fadama sai ka wuni duƙe kana tsintar leda da batir da fasassar kwalba, in ka bar ta kuma shekara ta zagayo garma ta tono ta yadda ka binne ta, saiwar albasa ta ci karo da ita ta tsaya. Ka tambayi mahauta abin da suke ciro wa daga tumbin shanu da tumaki, wani lokaci dunƙule guda kamar ƙwallo, dabba na ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba.

Hajiya ki zazzage buhun nan ki duba, rabi ko fiye duk abin ruɓewa ne. Ki sa a haƙa miki rami a lungun gida, zurfin gwiwa ya isa. Ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatur, ɓawon ƙwai, ganyen dogon yaro da kike sharewa kullum, kashin tumaki in kina kiwo, toka kaɗan ba da yawa ba. Duk zubi ki bi shi da busasshen ganye ko ƙasa. Matsalarmu a Sakkwato zafi ne, watan 4 da na 5 sai ya wuce digiri 40, rami ya bushe ƙarau ya ƙi ruɓewa, don haka ki riƙa yayyafa ruwa ki rufe da tsohuwar tabarma, ki juya shi duk bayan sati biyu. Wata biyu zuwa uku za ki gan shi baƙi wuluk yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. In ba ki shuka komai, mu muna so.

Mai_Shago_Arkilla:
Hhhh Ɗan Kwalkwalawa ka zo neman taki kyauta kenan. Hajiya gorar ruwa da ta lemo kar ki zubar, masu zoɓo da kunun aya na nema. Gwangwani da tsohon ƙarfe da fasassun robobi kuma 'yan jari bola na saye a kilo, gwangwanin lemo ma narka shi akai a yi tukwane. Ki dai yi cinikin a ƙofar gida. Leda ce kawai ba ta da mai so, Ruwanda tun 2008 sunka hana ta, Kenya 2017, mu ko ashana ka saya sai an ƙulla maka a leda, ni kaina mai laifi ne.

Uwargida_Mabera:
Na gode ƙwarai Allah shi saka. Malam Ɗan Kwalkwalawa ramin nan ba zai jawo mini ɓeraye da wari ba? Kuma gidan haya muke, tsakar gida duk siminti.

Ɗan_Kwalkwalawa:
Ki nemi tsohon bokitin fenti babba ko rabin durom, a huda gindinsa da gefensa da ƙusa iska ta riƙa shiga, ki aza shi bisa bulo biyu. Ɓera nama da ƙashi da miya mai mai yake bi, kar ki zuba su ciki, sauran tuwo kuma ki shanya ki ba masu kiwo. In kin ji ya fara tsami to ruwa ya yi yawa, ƙara busasshen ganye ki juya. Kuma ki ja shi ƙarƙashin rumfa kahin ruwa shi sauka.